Amsoshin Wasiƙunku: Mai Nawa Zai Kai Jirgina Ya Dawo Da Shi?

TAMBAYA

Wasiƙar da muka zaɓo a wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu ɗan Zango ta ƙasar Daura, a Jihar Katsina. Bayan gaisuwa, ya ce ya daɗe yana zuwa cin rani Yawuri, yana sayen albasa da busasshen kifi. Bana shi da ƙanensa suka haɗa jari suka sayi jirgin katako mai inji, mai ƙarfin doki 25, domin su riƙa bin kasuwannin bakin ruwa da kansu. Jirgin yana da filafilin iska, watau buhunan nan da ake ɗinkewa a ɗaura a doguwar gora iska ta riƙa tura jirgi. Ya ce su mutanen tudu ne, ba su gaji ruwa ba. Kwanan baya mai ya ƙare musu a tsakiyar ruwa ana gab da magariba, suka kwana a wani gungu, kasuwar da suka nufa kuma ta ci ta watse ba su je ba. Yana so mu gaya masa yadda zai san man da zai ishe shi, da yadda zai ɗauke shi, da kuma ko zai iya rage man tunda yana da filafili.

AMSA

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, kuma barka da arziki. Wanda mai ya ƙare wa a hanyar Zango zuwa Daura, sai ya tura babur ɗinsa gindin bishiya ya jira mai wucewa. A ruwa babu gindin bishiya. Da zarar inji ya yi shiru, ruwa da iska su ne za su zaɓar maka inda za ka, ba kai ba.

Bari mu fara da sanin ruwan da kake ciki. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, Kogin Kwara ya taru a bayanta ya zama tafki mai tsawon kilomita wajen 130, daga kusa da Yawuri a arewa har zuwa madatsar a kudu. A wasu wuraren faɗinsa ya kai ka tsaya a wannan gaɓa ba ka hango waccan ba. Ta wajen Yawuri kuwa har yanzu halin kogi gare shi, ruwan gudu yake yi. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga lissafinmu, za mu zo kansa.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne, injin jirgi da awa yake shan mai. Mai mota yana cewa lita kaza za ta kai shi Kano, saboda hanyar Kano ba ta motsi. Hanyar jirgi kuwa motsi take yi, wani lokaci ta tafi tare da kai, wani lokaci ta yi gaba da kai. Saboda haka tambaya biyu ce a gabanka kullum. Lita nawa injina yake sha a awa ɗaya? Awa nawa inji zai yi yana aiki kafin in je in dawo?

Ga ta farko, akwai ƙiyasin da masu gyaran inji suka sani. Injin da ake gauraya wa baƙin mai a cikin fetur, irin wanda ya fi yawa a ruwayenmu, in an murɗe masa totur har ƙarshe yakan sha kusan rabin lita a awa kan kowane doki ɗaya. Watau mai doki 15 zai sha lita 7 zuwa 8 a awa, naka mai 25 zai sha wajen lita 12, mai 40 kuma wajen lita 20. Injin fetur da ba a gauraya masa baƙin mai ya fi wannan sauƙin sha, na dizal kuma ya fi su duka, don abin da yake sha bai wuce kusan rabin wancan ba.

Amma fa wannan ƙiyasi ne kawai. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Injinka yana da nasa hali, jirginka yana da nasa nauyi, don haka ka auna da kanka. Ranar da kuka yi lodi irin wanda kuka saba, ka cika tankin inji har wata alama da ka sani. Ka duba agogo lokacin tashi, ku yi tafiyar awa ɗaya cif da gudun da kuka saba yi. Sai ku raɓa gaɓa ku kashe inji, ka ɗauko kwalbar lita ɗaya ka riƙa zubawa kana ƙirgawa har mai ya komo kan alamar. Abin da ka ƙirga shi ne abincin injinka na awa ɗaya. Ka yi haka sau uku a ranaku dabam-dabam, ka riƙe adadin da ya fi yawa, ka rubuta shi a littafin da kake rubuta bashin albasa. Kada ka yi gwajin da jirgi wayam, domin jirgin da ba kaya ƙarya zai yi maka.

A wurin wannan gwaji za ka ga wani abu da zai amfani aljihunka. Jirgin katako mai kaya yana da iyakar gudun da jikinsa zai yarda da shi. In ka wuce nan, sai ka ga goshinsa ya ɗaga, gindinsa ya nutse, yana ta tayar da igiyar ruwa a baya, gudun kuwa bai ƙaru da wani abin kirki ba. Man da kake ƙonawa a lokacin igiyar ruwa yake ginawa. In ka sassauta totur zuwa kashi uku cikin huɗu, sau da yawa shan mai yakan ragu da kusan sulusi, gudun da ka rasa kuma ɗan kaɗan ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, babu ɗan kasuwar da zai raina wannan ragi.

Yanzu tambaya ta biyu, watau yawan awoyi. Bari mu yi misali da alƙaluma masu sauƙi, kai kuma ka sa naka a madadinsu. A ce gwajinka ya nuna lita 8 a awa. A ce jirginka yana cin kilomita 12 a awa a ruwan da ke kwance, kasuwar da za ka kuma tana da nisan kilomita 48. A ruwa kwantacce awa 4 zuwa, awa 4 dawowa, awa 8 ke nan.

To amma a ce ruwan yana gudu kilomita 4 a awa. In kana gangarawa tare da shi, gudunka ya zama 16, sai ka isa cikin awa 3. In ka juyo kana hawansa, gudunka ya koma 8, sai ka yi awa 6. Jimla awa 9. Ka ga ke nan abin da ruwa ya ba ka a gangara bai kai abin da ya ƙwace a hawa ba.

Nan ne baƙin ruwa da yawa suke faɗawa. Mutum ya gangara awa 3, ya ƙona lita 24, sai ya ce ashe lita 48 ta ishe ni zuwa da dawowa. Alhali dawowar kaɗai lita 48 take ci. Wanda ya yi wannan lissafi, daidai rabin hanyar gida injinsa zai yi tari ya mutu, kuma ruwan zai fara mayar da shi inda ya fito. Muna kyautata zaton irin abin da ya same ku ke nan. Saboda haka ka lissafa zuwa dabam, dawowa dabam, sa'an nan ka haɗa. A misalinmu, 24 da 48, lita 72.

A ɗaya ɓangaren kuma, kada tsimin mai ya sa ka riƙa jan jiki a lokacin hawan ruwa mai ƙarfi. In jirginka yana yin 6 ruwa yana yin 4, kilomita 2 kacal kake ci a awa, inji kuma yana ta sha. A hawa a ba shi wuta daidai gwargwado, a bi gefen da ruwa ya fi laushi in matuƙi ya san wurin, a gangara kuma a sassauta.

Lita 72 ɗin nan ita ce ta ranar da komai ya tafi daidai, irin wannan rana kuwa ba ta da yawa a ruwa. Matuƙan ƙananan jirage a ƙasashen duniya suna da wata ƙa'ida ta raba mai kashi uku: kashi ɗaya na zuwa, kashi ɗaya na dawowa, kashi ɗaya na ajiya. A kogi mai gudu zuwa da dawowa ba sa zama daidai, to amma kashin ajiyar yana nan. Yadda za ka fitar da shi shi ne ka ɗauki rabin abin da ka lissafa ka ƙara a kai. Rabin 72 shi ne 36. Ka haɗa, lita 108. Jarka biyar ke nan masu cin lita 25, ba a cika su har baki ba.

Za ka ce, Malam, lita 36 ai jari ne zan daskarar. Haka ne, amma man ajiya ba ya ɓata in ka dawo da shi, da shi za ka fara tafiya ta gaba ka sayi sabo ka ajiye. Ga kuma abubuwan da ke cinsa. Iska ta taso ta gabanku, igiyar ruwa tana dukan goshin jirgi, tafiyar awa 3 ta zama ta 5. Kainuwa ta toshe mashigar da kuka saba bi, ko ta naɗe farfela, dole ku zagaya. Ruwa ya ja baya, kututturan itatuwan da tafki ya cinye sun kusanto sama, dole a tafi a hankali ana kauce-kauce. Hazon hunturu ya rufe gaɓa, kuka yi awa guda kuna neman hanya. Kasuwa ta yi kyau kun ƙaro kaya, jirgi ya ƙara nutsewa. Ko kuma ku tarar da wani jirgin ya lalace, kuma ba a wuce ɗan'uwa a ruwa, sai kun ja shi.

Har lokacin shekara yana canza lissafi. Kogin Kwara sau biyu yake kawo ruwa a wannan yanki. Akwai farin ruwa na damina, mai laka, wanda ke cika wajen watan Satumba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini ya ratsa Mali da Nijar, ba ya isowa sai cikin sanyi, daga wajen Disamba. Awoyin da ka rubuta a watan Afrilu ba za su yi maka aiki a watan Satumba ba. Duk lokacin da ruwa ya canza, ka sake duba agogo, kuma ka tambayi Sarkawa da Gungawan wurin. Su suka gaji ruwan nan, tambayarsu ba ta rage maka komai.

Sai batun filafili. Amsarmu a taƙaice ita ce, ka yi amfani da shi, amma kada ka sa shi a lissafi. Filafilin buhu yana aiki ne in iska tana bayanka ko tana ɗan gefe. A lokacin hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, da damina kuma daga kudu maso yamma. Tunda tafkin daga arewa ya miƙa zuwa kudu, iskar da ta raka ka zuwa ita ce za ta tare ka a dawowa. Wata rana kuma ta ɗauke ɗif tun hantsi. Ko manyan jiragen katako na Bahar Maliya, irin waɗanda a da suke tsallakar da alhazanmu na ƙasa daga Suwakin zuwa Jidda da ƙarfin iska kaɗai, yawancinsu yanzu inji gare su. Ka sayi mai kamar ba ka da filafili. In iska ta yi maka kirki ka kashe inji, man da ya rage riba ce. In kuwa ka ga hadari ya haɗo, musamman a farkon damina da guguwa ke zuwa ba sallama, abu na farko shi ne a sauke filafilin a nufi gaɓa, domin iska mai ƙarfi tana iya kifar da jirgi ta dalilinsa.

Yanzu yadda za a ɗauki man. Ka tuna shi ma kaya ne. Lita ɗaya ta fetur ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na kilo. Lita 108 wajen kilo 80 ke nan, nauyin ƙaton mutum guda. Duro mai lita 200 kuwa wajen kilo 150 ne ban da nauyin ƙarfensa, watau mutum biyu. In mai ya shiga, wani buhun albasa ya fita. Ba mu manta da abin da ya faru a watan Mayun 2021 kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi ba, inda jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse, kaɗan ne suka tsira, hukumomi kuma suka ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima. Ruwa ba ya tambaya ko nauyin na mutum ne ko na jarka.

Jarka biyar sun fi duro ɗaya. In ɗaya ta huje ko aka sayar maka da gurɓatacce, sauran suna nan. Ka jera su a ƙasan jirgi wajen tsakiya, rabi dama rabi hagu, ka ɗaure su kada su yi ta gangare in jirgi ya karkata. Ka bar sararin yatsu uku ko huɗu a wuyan kowace, saboda fetur yana kumbura in rana ta buge shi, sa'an nan ka lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu. Murfi ya zama mai roba a ciki, ban da toshe baki da leda ko tsumma. Ka nisanta su da kifi da albasa da garin abinci, don kayan da suka sha warin fetur sun tashi daga kayan sayarwa. Jarkar ajiya kuwa ka ɗaura mata jan ƙyalle, kowa a jirgin ya san ba a taɓa ta, ba a ranta wa kowa a tasha. Mutanen ayarin gishiri da ke ratsa hamada zuwa Bilma sukan ajiye damman ciyawa a hanya domin raƙumansu su ci a dawowa, kuma ba mai kwance su a tafiyar zuwa komai yunwar dabba. Haka za ka ɗauki jarkar nan. Ranar da ka buɗe ta, tafiyar kasuwa ta ƙare, gaɓa mafi kusa za ka nema.

Batun wuta kuma ba wasa ba ne. Tururin fetur ya fi iska nauyi, saboda haka ƙasan jirgi yake kwanciya inda hanci ba ya kaiwa. Ƙyastu ɗaya ya isa. Babu taba, babu murhun shayi, babu fitilar kwai a kusa da jarka. Mutanen ƙasarku sun ji labarin Majiya ta Jihar Jigawa, inda tankar mai ta kama wuta a watan Oktoban 2024 mutum fiye da 150 suka rasu. Wannan a tudu ne, inda akwai wurin gudu. In za a ƙara wa tanki mai, a kashe inji tukuna, a raɓa inda ruwa ya lafa, a yi amfani da mazurari, abin da ya zube kuma a goge shi nan take.

Ka kula da irin man da kake saya. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasan jarka yake taruwa, kuma cokali kaɗan ya isa ya kashe inji. In dole ta sa ka saya a hannun 'yan bumburutu, ka zuba kaɗan a farar kwalba ka ajiye minti biyar. In akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa. Ka riƙa tacewa da kyalle mai tsabta, kuma kada ka juye ɗigon ƙarshe na jarka a tanki. Wajen gauraya baƙin mai, yawancin irin waɗannan injuna kashi 1 cikin 50 suke so, watau rabin lita a lita 25 ta fetur, lita 2 a lita 100. Sabon inji yakan so fiye da haka a awoyinsa na farko, don haka ka duba takardarsa ko ka tambayi makanike. A yi gaurayen a tudu kafin a tashi, a girgiza sosai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wata shawara kuma, kada ka ce za ka yi dakon mai tun daga gida. Ku mutanen bakin iyaka kun san yadda jami'ai suke sa ido a kan jarka, tun ma ba daga watan Nuwamban 2019 ba, lokacin da hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ga kuma haɗarin doguwar tafiya da fetur a motar haya. Ka saya a gidan mai na garin da za ka tashi. Kada kuma ka dogara da cewa za ka samu a ƙauyen da za ka, sai in wanda ya fito can jiya ne ya tabbatar maka, kuma ko da hakan man dawowa ya kasance a jirginka.

Wani lokaci mai yana nan amma inji ya ƙi. Ka riƙe fulogi biyu na ajiya da abin kwance su, da igiyar tayar da inji, da ɗan guntun tiyo. Tsohon fulogi da lanƙwasasshiyar farfela da datti a kafireto duk suna ƙara shan mai, in ka ga lissafin littafinka ya fara hawa ba dalili, su za ka fara dubawa. Kada matuƙai biyu da doguwar gora su bar jirgin, haka nan anga ko dutse mai nauyi da doguwar igiya, domin in inji ya mutu shi zai hana ruwa tafiya da ku. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta sha gargaɗi a kan tafiyar dare da kuma shiga jirgi ba rigar kariya. Ku tashi da sassafe yadda ko an sami jinkirin awa biyu ko uku za ku isa da rana a sama, kuma ku gaya wa wani a tasha inda kuka nufa da lokacin da ya kamata a gan ku.

Manoman rani masu injin ban-ruwa, ku ma gwajin kwalba da agogon nan zai yi muku aiki. Ku san abin da injinku yake sha a awa, ku san awoyin da fadamarku take buƙata, kafin ku bar gari.

To Malam ɗan Zango, da fatan mun amsa maka. Ka fara da gwajin awa ɗayan nan tun a tafiyarku ta gaba, in ka samu adadin ka rubuto mana mu ji, tare da awoyin zuwa da na dawowa, wataƙila wani ya ƙaru da su. A gaida ƙanenka da sauran 'yan cin rani na Yawuri. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa. Sauran masu sauraro da suka aiko da tambayoyi, ku yi haƙuri, wasiƙunku suna hannu, sai mako mai zuwa.